Fitilar Kawu Ta Sha Biyu

Sunan kawuna Dang Mantun. A bakinmu Mantun na nufin rumbu cike, kuma duk wanda ya raɗa masa sunan nan bai kyauta masa ba, don ni dai ban taɓa ganin rumbunsa ya wuce rabi ba. A wani ɗan ƙauye yake zaune a gindin tudu, arewa da kogin Wei, tafiyar rabin wuni daga garinmu in ƙafa na da lafiya. Ɗaki ɗaya gare shi da aka haƙa a jikin tudu, da gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa, da akuya guda. Iyayensu sun mutu a shekarun yunwa yana ɗan sha biyar, uwata tana 'yar shida. Shi ya goya ta, shi ya riƙa yi mata kitso har ta iya da kanta. Da aka ce ya yi aure sai ya ce a bari ƙanwarsa ta tafi ɗakinta tukuna. Ta tafi ɗin, shi kuma a lokacin ya doshi talatin, ba mai ba shi 'ya. Haka ya zauna.

Da damina manomi ne kamar kowa. In sanyi ya shigo, shekara ta zo ƙarshe, sai ya koma sana'ar curin shinkafar nan da ba gidan da ke wuce daren sha biyar ga watan farko bai ci ba. Zai daka riɗi da gyaɗa da sukari, ya danne su su yi tauri, ya yanka ƙanana. Sai ya tsoma su a ruwa, ya watsa cikin babban faifai mai garin shinkafa mai danƙo, ya yi ta girgizawa. Ya sake tsomawa, ya sake girgizawa, har sau bakwai, sai ka ga sun fito farare, mulmulallu, kai ɗaya kamar an auna. Garin nan kuwa tashi yake ya hau masa gira da gashin baki. Yaran kasuwa na ce masa tsoho tun bai kai arba'in ba.

Uwata ta rasu ina 'yar shekara huɗu. Ranar da aka dawo daga binne ta, Kaka, wato uwar babana, ta raka kawu bakin ƙofa ta ce masa, "To, kawun yarinya, hanya fa yanzu ta yi nisa."

Ya gane abin da take nufi sarai. Ya ce, "Iya, akwai fitila. Saura takwas."

Kaka ta juya ta koma ciki. Ko gidan da ya fi kowane rashin kunya ba ya hana kawu kawo wa ɗan 'yar'uwarsa fitilar takarda bayan sabuwar shekara da 'yan kwanaki, da kyandir goma, da murɗaɗɗen cincin goma. Haka zai yi ta yi duk shekara har yaro ya cika sha biyu, a yi bikin rufe fitila. Ranar a zaunar da kawu a kujerar da ke kallon ƙofa, yaro ya karɓi fitilar ƙarshe daga hannunsa a gaban jama'a, a ce ya fid da shi daga ƙuruciya. Uwata na kan gadon ciwo ta ce masa, "Yaya, kai za ka rufe wa Lanni fitila." Ni ce Lanni. Ba shi da mata, ba shi da ɗa, ba shi da wata kujera da ke jiransa a ko'ina a duniya sai wannan.

Sau ɗaya nake ganinsa a shekara. Tun da safe nake tsayawa a bakin gari, hanci na zuba, har in hango ɗan jan abu na lilo a ƙarshen sanda a kan farar ƙanƙara. In ya iso sai ya durƙusa ya kama mini hanci ya ce, "Wa ya ba ki izinin ɗaukar hancin ƙanwata? Kawo shi nan!" In ya shiga gida a gefen gadon ƙasa yake ɗosana jiki, ba ya hawa, ko da Baba ya ce, "Haba Yaya Mantun, hau mana inda ke da ɗumi." Da kansa yake shiga madafi ya dafa mini curin da ya zo da su. Sai sun taso saman ruwa ya zuba mini uku. In na ce a ƙara sai ya ce, "Na huɗun nan shi ke ɗaure ciki, ni kuma a ce kawu ya zo ya kashe musu 'ya."

Ina 'yar shida Baba ya sake aure. Matar tasa, Inna Huilan, ba ta taɓa cutata ba, wannan kam dole in faɗa. Tana da wa, Kou Desheng, ma'aikaci a kantin gwamnati a birni, mai takalmin fata da agogo. Shi ma ba mugu ba ne. Amma tun da ya fara zuwa gidanmu Kaka ta riƙa cewa "kawunki na birni" da wata murya, "wancan na tudu" da wata.

Daga ranar da fitila ta zo, duk faɗuwar rana mu yara muna waje muna zagaya gari da su muna waƙa, har sha biyar ga wata. Ran sha shida kuma mu taru a masussuka mu yi ta gwara fitilun da juna har kyandir ya faɗi, takarda ta kama, mu yi ta ihu muna tsalle. Dole a ƙone su. Duk yaron garinmu ya san in ka ajiye tsohuwar fitila ta kai wata shekara, idon kawunka ne zai yi ja. Manya na faɗa suna dariya, amma su ma ba ka ganin wanda ya bari ta kwana a gidansa.

Shekarar da na cika tara kawu ya yi mini wata irin fitila. Ba zagayayyar nan ja da kowa ke riƙewa ba, furen bado ya yi, ganye a kan ganye har hawa uku, bakin kowane ganye ya rina shi da ruwan hoda. Ya ce kwana tara ya yi a kanta. Duk garin ba mai irinta. Ran sha shida na fita da ita, na ga yadda na sauran ke komawa toka, sai na ji ba zan iya ba. Na hure kyandir na zaga ta bayan gida, na hau rufi na cusa ta cikin wata tsohuwar randa na rufe da tsumma. Da aka tambaye ni na ce ta ƙone ƙurmus.

Kafin sabuwar shekara ta gaba aka yi sharar gida ta ƙarshen shekara, Kaka ta tsince ta. Ba ta ce mini uffan ba. Tsohuwar nan ta iya ajiye abu har ranar da zai fi ciwo.

Kawu ya zo a ranarsa. Tun daga nesa na ga yana goge fuska da bayan hannu. Da ya durƙusa zai kama mini hanci sai na ga idanunsa jajur, fatarsu ta kumbura, ruwa na bin gefe. Muna zaune an kawo shayi sai ga Kaka ta fito daga ɗaki da furen badon nan, duk ya yamutse ya yi ƙura, ta dire shi a gaban kawu.

"Ga wadda ta ci maka ido nan," in ji ta. "'Yar ƙanwar taka ce, ba wani ba. Kai kana can kana tako ƙanƙara dominta."

Baba ya miƙa hannu zai kai mini mari, kawu ya tare. Ya ɗauki fitilar ya kawo ta dab da fuskarsa yana juyawa. Ni kuwa ina jiran ya yi faɗa, sai na ji ya yi dariya.

"Haba Iya, garin shinkafa ne da hayaƙi. Likitan ƙauyenmu ma ya faɗa." Ya juyo wajena. "Ashe ajiyewa kika yi? Kai! Ni tun da nake ba a taɓa ajiye wani abu nawa ba. To ai ido biyu gare ni, ki ci ɗaya ki bar mini ɗaya."

Kowa ya yi dariya ban da ni. Kaka ta jefa fitilar cikin murhu. Kawu ya ɗauka magana ta wuce, ni kuwa ranar ta fara. Na yarda har cikin ƙashina cewa ni na yi masa. Daga ranar ban sake iya kallon fuskarsa ba. Shekara ta sha ɗaya ban je bakin gari ba, ya shigo yana lalube da sanda yana kiran sunana, na karɓi fitila kaina a ƙasa na gudu madafi. Ya zuba mini curi na ce na ƙoshi. Ba wanda ya tambaye ni dalili, ni kuma ban faɗa ba.

Sai shekarar rufewa. A lokacin Baba ya zama mai kula da wurin gasa bulo na gari, ya fara sa riga mai aljihu huɗu irin ta manyan ma'aikata. Ya gayyaci mutanen ofis, aka yanka alade, aka jera tebur shida a tsakar gida, mata na ta murza taliya tun asuba. Rana ta take, kawu bai iso ba. Da can tun kafin wannan lokaci yake isowa, yanzu hanyar ta fi ƙarfin idonsa. Baƙi suka fara duba agogo. Sai Kaka ta ce, "Kujera ba ta zama wofi a gaban baƙi. Desheng, ai kai ma kawu ne, zauna kafin ya zo." Kou Desheng ya yi ta a'a, a'a, daga baya ya zauna.

Ana zuba romon farko sai ga kawu a bakin ƙofa. Ya sa sabuwar rigar auduga baƙa, ban taɓa ganinsa da sabon abu ba sai ranar. Wandonsa ya jiƙe har gwiwa, da alama ya faɗi a hanya. A kan sandarsa akwai wani babban abu lulluɓe da buhu don kada ƙanƙara ta taɓa shi.

"Na makara, na makara, ku yi haƙuri!" yake cewa yana murmushi yana sunkuya wa inda ba kowa. "Lanni, zo ki ga ta bana. Wata guda na yi a kanta."

Ya yaye buhun.

Babbar fitila ce mai fuska shida, da tuntaye a kowace kusurwa, gorar an lanƙwasa ta da kyau ba inda ta karkace, don hannunsa bai manta komai ba. Amma jar takardarmu fuska ɗaya ce ja, bayanta fari ne. Shi kuma shi kaɗai ya zauna a ɗakinsa mai duhu yana liƙawa da lalube. Fuska huɗu cikin shida ya liƙa su a juye. Farar fitila ya ɗauko, irin wadda ake ratayawa a ƙofar gidan da aka yi mutuwa, ya tako da ita rabin wuni ya kawo wa yarinya a tsakiyar bikin sabuwar shekara.

Wani daga cikin mutanen ofis ya tofar da yawu gefe.

"Wa ya mutu?" in ji Kaka. "Kawun yarinya, na ce wa ya mutu a gidan nan?"

Murmushin bai bar fuskarsa ba tukuna, don bai gane ba. Inna Huilan ce ta matsa kusa ta faɗa masa a hankali. Na ga ya shafa takardar da yatsu, ya kawo ta har tana taɓa hancinsa. Ya daɗe a haka.

"Jan na ciki," ya ce. "Ku sa mata kyandir. In aka kunna daga ciki ja za ta yi, za ku gani."

"A ƙofata?" Kaka ta daka tsawa. "A kunna farar fitila a ƙofata? Bai ishe ka ba ƙanwarka ta mutu mana a gida, sai ka zo ka kira wata mutuwar?"

"Iya, ya isa," in ji Baba. "Yaya Mantun, ajiye ta a waje ka shigo ka ci abinci. Ba komai, kuskure ne."

Inna Huilan ta ce akwai ragowar jar takarda a ɗaki, bari ta dafa ƙullu ta liƙa a kai, ba zai ɗau lokaci ba. Kou Desheng ma ya yunƙura zai tashi daga kujerar. Da idona na ga Baba ya ɗora masa hannu a kafaɗa ya mayar da shi. Baƙi na jira, taliya na sanyi, kuma wa zai zaunar da mai ido na zubar ruwa a gaban mutanen ofis? Wannan hannun na Baba ban yafe shi ba har yau, ko da yake nawa hannun ya fi nasa laifi.

Kawu bai kula kowa ba. Ya ce, "Ba ku na kawo wa ba. Lanni, kina ina?"

Ina gabansa, taku uku. Ya miƙo sandar ta wajen da ya ji numfashina. In na karɓa, ko fara ce ko baƙa, an rufe fitila ke nan, kawu ya cika aikinsa, ba mai iya cewa bai yi ba. Na sani. Kaka na cewa, "In kin taɓa ta sai na karya miki hannu!" Amma ba tsoron Kaka ya hana ni ba, ƙarya zan yi in na ce haka. Abin da ke yawo a kaina shi ne, takardar ta juye saboda idonsa, idonsa kuma ni ce. Ga aikina a rataye a sanda kowa na kallo. Na ƙura wa takalminsa ido, hannuwana a baya, na kasa motsi.

"Lanni," ya sake cewa. "Karɓi mana, hannuna ya gaji."

Ban san tsawon lokacin da ya tsaya ba. Daga baya ya sauke sandar, ya laluba buhun a ƙasa ya mayar ya lulluɓe ta da kyau, kamar har yanzu akwai abin da ake gudun ya jiƙe. Ya ajiye ƙullin curi da cincin a kan katanga ya juya. Baba ya bi shi 'yan taku yana "Yaya, Yaya," sannan ya dawo wajen baƙinsa. Kou Desheng ya miƙo mini tocila mai batir da jakar makaranta, na sa hannu biyu na karɓa, aka tafa. Aka ce taliyar ta yi daɗi.

Shekara goma sha ɗaya ban gan shi ba. Na tafi makaranta a birni, na shiga aiki a masaƙa. Na girma na san cutar ido cuta ce, takarda ba ta makantar da mutum. Duk shekara ina cewa bana zan je, in lokacin ya zo sai in ga ban san ta inda zan fara magana ba, in ce baɗi. Sai da aurena ya taso, dangin miji suka ce ina kawun amarya na jini, don shi ke zama a teburin farko. Ka ji fa, sai da na buƙace shi na nemi hanya.

Kwana uku kafin sha biyar ga watan farko na same shi a kasuwar gindin tudu, zaune a kan ɗan kututture, faifai a cinya. Idanun sun rufe gaba ɗaya, ba ja kuma, fari ne ya lulluɓe su. Yana girgizawa yana saurare, da kunne yake gane in curin ya isa a sake tsomawa. Na tsaya har masu saye suka ragu.

"Kawu, ni ce."

Faifan ya tsaya. "Muryar uwarki," ya ce. Bai miƙo hannu ba.

Na durƙusa a cikin garin nan na faɗa masa komai, ina kuka kamar ƙaramar yarinya, mutane na ratse ni suna wucewa. Na ce ba ƙinsa na yi ba, na ɗauka ni na makantar da shi, kunya da tsoro ne suka hana ni kallonsa.

Can ya ce, "Ni kuwa na ɗauka ƙyama ce. Akwai rafin nan kafin a shiga garinku. Shekarun nan biyu na ƙarshe sai na tsaya na fasa ƙanƙara na wanke idon, ko zai rage muni, kada in tsorata ki."

Na ce ya yafe mini.

"Yarinya 'yar sha biyu, me za a riƙe ta da shi?" ya ce. "Wannan na daɗe da yafewa. Amma kin yi sha biyar, Lanni. Kin yi ashirin. Akwai mota yanzu har bakin kasuwar nan."

Na share hanci na faɗa masa zancen aure, na ce wata mai zuwa ne, za a aiko da mota, na riga na sa an ɗinka masa riga. Na ce kujerarsa na nan tana jiransa.

Ya tsoma hannu cikin faifai ya ɗebo curi, ya zuba a takarda ya naɗe, ya ɗaure da zare da haƙori, ya miƙo ta wajen muryata.

"Wanda ya rufe miki fitila shi ke zama," ya ce. "Haka ake yi. Ki gaida babanki."

Wata mata ta matso ta ce a ba ta na mutum biyar, ya juya wajenta yana tambaya ko da ƙananan yara a gidan. Na daɗe a tsaye da ƙullin a hannuna, bai sake juyowa ba. Ranar aurena Kou Desheng ne ya zauna.